Ko Tsawo Ya Isa Ya Mai da Yaro Ƙwararren Ɗan Ƙwallon Kwando?

Gabatarwa

A wani hutu da na yi a Kankiya, na tarar gardama ta kaure a majalisar da muke zama bayan sallar la'asar. Dalilinta kuwa wani yaro ne ɗan Kusada, mai shekara 16, wanda tsawonsa ya kai santimita 188, kuma ya gagari tsaransa a wasan ƙwallon kwando. Wani malamin wasanni ya dube ni ya ce, "Dakta, yaron nan Amurka za shi. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta." Wani dattijo, tsohon hedimasta, ya girgiza kai ya ce, "Malam, mun ga irinsu da yawa. Ina suke yau?" Shi kuwa mahaifin yaron yana gefe bai ce uffan ba. Daga baya ya shaida mini cewa yaron ya fara sakaci da karatu, wai ƙwallo ce za ta ci da shi.

Ilmin halittu ba duba ba ne, saboda haka ba zai faɗi makomar wannan yaro ba. Amma zai iya nuna mana tambayoyin da ya kamata a yi kafin a ɗora wa yaro buri. Su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya a wannan darasi.

Daga Ina Tsawo Yake Zuwa?

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na bambancin tsawo tsakanin mutane daga gado yake, wato daga ƙwayoyin halittar da ɗa ke samu wajen uwa da uba. Sauran kuwa ya danganta ga abinci da lafiya, musamman a shekarun farko na rayuwa.

Likitocin yara suna da wani lissafi mai sauƙi na kintatar tsawon ɗa namiji. A haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara santimita 13, sannan a raba biyu. In mace ce, sai a debe 13 ɗin maimakon a ƙara. Alal misali, a ce tsawon uba santimita 183 ne, na uwa kuma 170. Jimla 353 ke nan. In an ƙara 13 ya zama 366, in an raba biyu a sami 183. Yawancin 'ya'ya maza na irin waɗannan iyaye za su tsaya ne tsakanin santimita 175 da 191, wato takwas sama ko takwas ƙasa.

To amma gado iyaka kawai yake shatawa. Abinci ne ke kai yaro ga iyakar. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jihar Katsina take, adadin ya haura rabi. Ma'anar wannan ita ce akwai dogaye da yawa da muka yi asararsu tun suna goye. Wake, gyaɗa, awara, nono, ƙwai da zogale, waɗanda duk ana samunsu a kasuwanninmu, su ne tubalan ginin ƙashi da tsoka.

Yaushe Tsawo Ke Tsayawa?

Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi, kamar na cinya da na ƙwauri, akwai wani faifai na guringuntsi. A nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. Wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin girma a cikin jini, shi kuma ya sa guringuntsin ya riƙa yaɗuwa yana rikiɗewa zuwa ƙashi. Lokacin balaga aikin yakan yi sauri, har ɗa namiji ya ƙara kusan santimita tara ko goma a shekara guda, galibi yana ɗan shekara 13 zuwa 14. Daga nan sinadaran balaga su sa faifan ya daskare ya zama ƙashi. Da zarar ya rufe, tsawo ya ƙare. Babu magani ko motsa jiki da zai sake buɗe shi. Ga yawancin maza wannan na faruwa tsakanin shekara 16 da 18, mata kuwa sukan riga su da kamar shekara biyu.

A nan ne 'yan kallo suka fi ruɗuwa. Yaron da ya balaga da wuri yakan fi tsaransa tsawo da ƙarfi, sai a ɗauka gwani ne, alhali kuwa agogon jikinsa ne ya yi gaba. Bayan shekara uku sai waɗanda ya raina su kamo shi, wasu ma su wuce shi. Likita na iya gane ko saura girma ta hanyar ɗaukar hoton ƙashin hannu. Malamin wasanni kuma na iya auna yaro duk bayan wata shida. In ƙarin ya koma santimita ɗaya ko biyu a shekara, to an kusa zuwa ƙarshe.

Mu koma ga yaron Kusada. Matsakaicin tsawon 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya kusa santimita 200. In yaron ya tsaya a 190, dogon da ke tsare gindin kwando a makarantarsu zai zama cikin gajeru a tsakanin ƙwararru. Dole ya koyi aikin gajeru: sarrafa ƙwallo da hannu biyu, miƙa ta daidai, da jefawa daga nesa. Gajarta ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba, domin Muggsy Bogues, mai santimita 160 kacal, ya yi kakar wasa 14 a NBA. Sai dai irinsa ba su da yawa.

Abin da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 1984, lokacin da ƙungiyoyin NBA suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, na farko da aka ɗauka shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, daga Jami'ar Houston. Na biyu Sam Bowie, mai santimita 216, daga Jami'ar Kentucky. Na uku Michael Jordan. Olajuwon ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, Jordan ya ci sau shida. Bowie kuwa, wanda tun a jami'a ya rasa kakar wasa biyu saboda tsagewar ƙashin ƙwauri, karaya ta yi ta binsa har ya kasa cika burin da aka ɗora masa. Masu zaɓen ƙwararru ne a aikinsu, amma tsawo ya ɗauke musu hankali daga ƙashi. Dogon jiki mai nauyi yana ɗora wa gwiwa da ƙwauri da tafin ƙafa kaya mai yawa a duk tsalle, kuma ƙwararre yakan yi wasa 82 a kaka guda.

Na biyu, zuciya. Wani tsawon alamar ciwo ne. Akwai wata lalura ta gado da ake kira ciwon Marfan, wadda ke samun kimanin mutum ɗaya cikin 5,000. Mai ita yakan yi tsawo da dogayen hannuwa da yatsu, amma babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciyarsa tana iya buɗewa har ta yage. Isaiah Austin na Jami'ar Baylor ana sa ran ɗaukarsa a 2014, sai gwaji ya gano ciwon kwanaki kaɗan kafin zaɓe. Daga baya likitoci sun ba shi izinin yin wasa a wasu ƙasashe, amma bai buga wa NBA ba. Saboda haka duk yaron da tsawonsa ya fita daga na gidansu, ko yake jin ciwon ƙirji ko jiri in yana gudu, a kai shi asibiti kafin a kai shi fili.

Na uku, jini. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Nijeriya huɗu yana ɗauke da rukunin jini na AS. Wannan ba ciwon sikila ba ne, kuma ba ya hana wasa. Amma gudu mai tsanani cikin zafin bazara ba tare da isasshen ruwa ba yana iya jefa mai shi cikin haɗari. Ya kamata kowane ɗan wasa ya san rukunin jininsa, malaminsa ma ya sani.

Na huɗu, tsoka da ƙwaƙwalwa. Zaren tsoka iri biyu ne: mai saurin ɗaukewa, wanda ke ba da tsalle da zabura, da mai jimiri, wanda ke ba da dogon numfashi. Gado na da hannu a rabonsu, horo kuma yana ƙarfafa su. Amma sanin inda za a sa ƙafa aikin ƙwaƙwalwa ne da maimaitawa. Olajuwon ya fara ne da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, kuma shi da kansa ya danganta gwanintar ƙafarsa ga wannan tushe. Don haka kada a hana yaro langa ko tamaula don wai a keɓe shi ga wasa ɗaya.

Lissafin Ƙofa

NBA tana da ƙungiyoyi 30, kowace da 'yan wasa kimanin 15, wato gurabe 450 ga duniya baki ɗaya. Sababbin da ake zaɓa a shekara ba su wuce 60 ba. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta ƙiyasta cewa cikin 'yan wasanta ɗari da suka isa zaɓe, kusan ɗaya ne kawai ake ɗauka. Waɗannan kuwa su ne waɗanda suka riga suka tsallake siraɗin sakandare. Gaskiya ne akwai wasu ƙofofin, kamar ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars, da gasar ƙwararru ta Afirka da aka fara a Kigali a 2021, da ƙungiyoyin Turai. Amma ko wanda ya shiga, yakan ajiye wasa tun da sauran ƙuruciyarsa.

Darasi Daga Zariya

Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can kuma ya koyi ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya yi wasa a kwaleji a Amurka, ya yi 'yan shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Turai, amma bai taɓa buga wa NBA ko wasa ɗaya ba. In da gardamar majalisarmu ce, da an ce ya faɗi. Sai ya koma farautar sababbin 'yan wasa, da farko ma ba albashi. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 ya koma Toronto Raptors, kuma ƙungiyar da ya gina ta ci kofin NBA a 2019. Abin da ya kai shi can kaifin tunani ne da ilmi da sanin mutane, ba tsalle ba.

Kammalawa

Abin da na faɗa wa mahaifin yaron shi ne: malamin wasanni da tsohon hedimasta kowa na da rabin gaskiya. A bar yaro ya yi wasa, a ciyar da shi, a kai shi likita ya duba zuciya da jini, a riƙa auna tsawonsa, a koya masa aikin gajeru tun yanzu. Amma sharaɗin shiga fili shi ne shiga aji, domin ko jami'o'in Amurka ba sa ba ɗan wasa gurbi sai da sakamakon jarrabawa. Faifan ƙashi yana rufewa, gwiwa tana gajiya, amma ilmi yana tare da mai shi har tsufa.

Aikin Aji

1. Kowane ɗalibi ya auno tsawon iyayensa, ya yi lissafin da aka nuna a sama, ya kwatanta da tsawonsa na yanzu.

2. Malami ya sa a auna 'yan aji a farkon zangon karatu na ɗaya da ƙarshen na uku. Su wa suka fi ƙaruwa, kuma shekarunsu nawa?

3. Kawo dalilai uku da za su sa gwanin sakandare ya kasa zama ƙwararre.