Mallakar Wasa: Daga Filin Kokawa Zuwa Gasar Wasannin Kwamfuta

A ƙasar Argungu, wadda Augie ke cikinta, ba a tambayar wanda ya mallaki kokawa ko dambe. Makaɗa su buga, 'yan wasa su shiga fili, dattawa su raba gardama. Kamun kifin Matan Fada, wanda ya zama biki tun 1934, yana buƙatar izinin Sarkin Ruwa, amma shi ɗan gari ne, kuma al'ada ce ta ba shi wannan iko.

Wasannin kwamfuta sun zo da tsari dabam. Dokar haƙƙin mallaka ta bar wasa a hannun kamfanin da ya ƙirƙiro shi, ko da masoya ne suka raya gasarsa. A 2013 kamfanin Nintendo ya nemi hana nuna wasan Super Smash Bros. Melee kai tsaye a gasar Evo ta Amurka, bai janye ba sai da ƙorafi ya yi yawa. A Nuwamban 2020 kuwa ya tilasta soke gasar The Big House, saboda za a yi amfani da Slippi, manhajar da masoya suka ƙera don buga wasan ta intanet, a lokacin da annobar korona ta hana taro. Ƙa'idojinsa na 2023 sun taƙaita gasar da ba ta da lasisi ga mutum 200 a zaure ɗaya.

Matashin da ya shirya gasa a shagon gem a Augie yana iya ɗauka filin na gari ne, kamar na kokawa. A idon doka ɗan haya ne, ƙanƙantar gasarsa ce ta sa mai gidan bai waiwaye shi ba.