Adon Mota: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Sake Fenti ko Bamba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Kasuwan Magani ran Alhamis, ranar cin kasuwa, ya san mutanenmu masu son ado ne. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru ta Jihar Kaduna, a kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Kujama, ta wuce Kufana da Idon zuwa Kachia, har ta kai matafiyi Kafanchan. A wannan rana akan ga gingimari masu ɗauke da masara da doya, da akori-kura, da motocin jif na 'yan kasuwa, kowace da irin kwalliyarta. Wannan an shafe bambarta da baƙin fenti, waccan an zana mata furanni, wata kuwa an ɗaura mata ƙarafa a goshi kamar ƙahon sa.

Gwamnati ba ta hana kowa ƙawata abin hawansa ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma mota a kan titin jama'a take tafiya, saboda haka akwai abubuwa uku da bai kamata ado ya taɓa su ba: shaidar da ake gane mota da ita, da fitilun da ake ganinta da su, da kariyar da maƙeranta suka yi mata.

Na Farko: Launi Shaida Ne

Lokacin da aka yi wa mota rajista, akan rubuta launinta a takardunta tare da lambar inji da ta shasi. Idan aka sace ta, ko ta buge wani ta gudu, launi ne abin da mai ba da shaida ke fara tunawa. Don haka ne Ƙa'idojin Zirga-zirgar Hanya na Ƙasa na 2012 suka ce wanda ke son sake launin motarsa sai ya fara neman yardar hukumar ba da lasin, kana a gyara takardun su dace da sabon launi. Mutumin da takardarsa ta ce fara ce, alhali kuwa shuɗiya yake tuƙawa, ya jawo wa kansa tuhumar da ba gaira ba dalili, kuma yana iya shan wahala wajen kamfanin inshora ran da tsautsayi ya auku. Shafa wa bamba ko gefen ƙofa fenti bai kai sake launin mota duka ba, amma in aikin zai canja kamanninta, hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi ofishin lasin tun kafin a buɗe gwangwani.

Akwai kuma launin da ba a yarda farar hula ya yi amfani da shi ba ko kaɗan. Tun 1977 aka kafa dokar da ta hana a shafa wa mota koren fenti irin na soja. Haka nan dokar 1991 ta hana rufe gilasan mota da baƙi ba tare da izini ba. Lambar mota ita ma ba abin wasa ba ce: rubutun ta mai zaman kansa shuɗi ne, na ta haya ja, na ta gwamnati kore. Kada fenti ya taɓa ta, kada ƙarfe ko wani ƙyalle ya rufe ta.

Na Biyu: Fitila Ba Kayan Ado Ba Ce

Wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin samari, watau fesa wa fitilun baya baƙin fenti don su dace da baƙar bamba. To, a yi tunani. 'Yan kasuwa kan tashi bayan faɗuwar rana, hanya kuwa babu fitilun titi, ga ƙurar hunturu ko ruwan damina. Direban da ke biye da kai ba shi da abin da zai gaya masa ka taka birki sai jar danja. In ka dushe ta, kafin ya farga ya riga ya cim maka. Haka kuma 'yan jajayen madubban nan da ke jikin bambar baya, aikinsu shi ne su mayar da hasken motar da ke tafe ko da taka a kashe take a gefen hanya. Mai fenti mai gaggawa yakan bi ta kansu da feshi, shi ke nan mota ta zama kututture a cikin duhu.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon tsayar da motar da fitilunta ba su da kyau ko lambarta ba ta karantuwa. Amma tarar hukuma ƙaramin abu ne in an gwada da rai.

Na Uku: Bamba Garkuwa Ce

A zamanin Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, bamba ƙarfe ce mai ƙyalli. Ta motocin yanzu kuwa yawanci roba ce, a bayanta akwai soso da sandar ƙarfe, an tsara su ne su lotse su shanye ƙarfin karo. Wanda ya ɗaura ƙaton ƙarfe a gaban jif don ta yi kwarjini ya rushe wannan tsari. Ƙarfen ba ya lotsewa, saboda haka duk ƙarfin bugun yakan sauka a kan mai tafiya a ƙasa, kuma tsayinsa daidai yake da kai ko ƙirjin yaro mai talla. Yana iya kuma rikita na'urar da ke buɗe jakar iska ta cikin mota. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 ta ƙuntata irin waɗannan ƙarafa. A wuri mai cunkoso kamar bakin Kasuwan Magani, inda masu baro da 'yan acaɓa da yara ke tsallaka titi, haɗarin ya fi yawa.

Yadda Ake Aikin Fenti Mai Ƙarko

In an kiyaye abubuwan nan uku, sai a bi waɗannan matakai, ko a tabbata mai fenti ya bi su:

1. A kwance bamba daga jikin mota in da hali. In ba hali, a rufe fitilu da gilas da lamba da madubban ja da takarda da salatif.

2. A wanke da ruwa da sabulu, a cire maiƙo da man goge mota sarai, gama fenti ba ya kama wuri mai maiƙo.

3. A goge da samfefa, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi. In ƙarfe ne, a kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya bayyana, domin tsatsar da aka binne tana ci gaba da ci daga ƙasa.

4. A fesa fentin shimfiɗa, watau wanda ake fara sawa kafin na launi. Na ƙarfe dabam, na roba dabam. Yawancin fentin bamba da ke ɓarewa kamar ɓawon albasa, rashin sa na roba ne ya jawo.

5. A fesa launi sama-sama sau biyu ko uku, ana barin kowane ya sha iska gwargwadon yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Feshi mai kauri lokaci guda yakan zubo, kuma yana iya toshe 'yan na'urorin da ke jikin bambar sababbin motoci masu gargaɗin direba in ya kusa bugun wani abu.

6. A zaɓi rana da wuri. Ƙurar hunturu takan lafe a ɗanyen fenti, laimar damina takan dusashe shi, tsananin rana kuma yakan busar da samansa cikinsa bai bushe ba. Inuwa mai iska, wadda aka yayyafa wa ƙasanta ruwa, ita ta fi.

Kada a bi araha, araha ba ta ado. Wanda ya tsallake mataki guda yau, zai biya kuɗin aikin sau biyu kafin shekara ta zagayo.

Lafiyar Mai Fenti

Daga Panteka ta Kaduna har garejojin Kachia da Kafanchan, akan ga yara masu koyon sana'a suna feshi da tsumma kawai a hanci. Tsumma ba ya tare tururin tina, kuma fentin nan da ake haɗa shi da maganin ƙafewa yana ɗauke da sinadarin da ke haddasa asma wadda ba ta cika barin mutum ba. Tsohon fenti kuma wani yana da dalma a ciki, ƙurarsa guba ce, musamman ga ƙananan yara. Ba a manta da abin da dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta yi a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Saboda haka wajibi ne maigidan gareji ya tanadi takunkumi na musamman mai tace tururi, da safar hannu, da tabarau. Kada a ci abinci a wurin aiki, kada a wanke hannu da tina ko fetur, kada a kunna taba ko wuta kusa, kada kuma a tafi gida da tufafin aiki.

Jama'a, mota dukiya ce, kuma ƙawata ta ba laifi ba ne. Amma kafin ka miƙa wa mai fenti makulli, tambayi kanka: in na gama, za a gane motata? Za a gan ta da dare? In ta bugi ɗan wani, ban ƙara masa rauni da hannuna ba? Wanda ya karanta wannan takarda, ya daure ya karanta wa direba da karen mota da mai fentin unguwarsu. Rigakafi ya fi magani.