Matatar Iska Mai Ƙyalli: Tana Ƙara Wa Mota Ƙarfi?

Tambaya: Na sayi Corolla ta hannu a tashar jiragen ruwan Lome. Makanike ya ce in cire akwatin iska, in sa matata mai siffar mazurari, wai motar za ta ƙara gudu. In saya? Daga wani mai karatu, Agoè-Zongo.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Inji iska mai sanyi yake so, domin ta fi ɗauke da iskar da ke ƙona fetur. Akwatin da Toyota ta yi daga gaban mota yake jawo ta. Mazurarin kuwa, in an ɗaure shi tsirara a ƙarƙashin bonet, zafin inji zai riƙa zuƙa. Za ka ji gurnani ya ƙaru, amma a cunkoson hanyar Agoè ƙarfin bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi damuna ƙurar hunturu ce. Matata mai manyan ƙofofi tana barin ta shiga ta cinye ringi, motar ta fara shan baƙin mai. Idan kuma aka sauko da bututun mazurarin ƙasa don neman iska mai sanyi, ruwan da ke kwanciya a titi da damina yana iya shiga ya lanƙwasa sandar fistan.

Sayi sabuwar matatar takarda, a duba fulogi da iskar taya.