Kawartas, Ɗan'uwan da Ba Shi da Muƙami

Karatu: Romawa 16:21-23

Ɗan'uwa mai karatu, a ikilisiyoyinmu na Kaele da Garwa za ka sami su Paul da Victor da Félix da yawa. Duk sunaye ne daga harshen Latin. Amma ka taɓa jin an raɗa wa yaro suna Kawartas?

Romawa na rubuta shi Quartus, ma'anarsa kuwa “na huɗu”. Suna ne na lissafi kawai, kamar yadda mu ke ce wa ɗan ƙarshe Auta. Tartiyas, wanda ya rubuta wa Bulus wannan wasiƙa, shi ne “na uku”.

Sau ɗaya tak Kawartas ya fito a Littafi Mai Tsarki. Daga Koranti Bulus ya aika da wasiƙar, wajen shekara ta 57. Dubi aya ta 23. Gayus mai gida ne, yana saukar da ikilisiya duka. Arastas ma'ajin birni ne. Kawartas fa? Ba gida, ba ofis. Ɗan'uwa kaɗai aka ce da shi, aka kuwa jera gaisuwarsa daidai da ta ma'aji. Daga baya al'adar ikilisiyoyin Gabas ta ce ya zama bishop na Beirut. A ganina mutane ne suka kasa haƙura da bawan Allah marar kujera.

Ran Lahadi, bayan sujada, wa kake fara miƙa wa hannu? Dattijo da mai kuɗi ba sa rasa mai gaishe su. Mai share majami'a, wanda ke zama a bencin baya, ka san sunansa?