Darasi Ga 'Yan Kasuwa: Yadda Birtaniya Ta Sake Fasalin Shafinta Na Intanet

A ranar 17 ga watan Oktoba na shekarar 2012 ne gwamnatin Birtaniya ta buɗe shafin intanet mai suna GOV.UK, wanda ya maye gurbin Directgov da Business Link. Kafin wannan lokaci, ma'aikatu da hukumomin ƙasar kowace da nata shafin, har suka kai ɗaruruwa. Ɗan kasuwa mai neman bayanin haraji ko rajistar kamfani sai ya fara gano hukumar da abin ya shafa kafin ya sami biyan buƙata.

Gyaran ya biyo bayan rahoton da Martha Lane Fox ta gabatar a 2010, inda ta ba da shawarar a haɗe shafukan wuri guda. Zuwa 2013, ma'aikatu 24 duk sun koma sabon shafin. Akwai darussa huɗu da kamfanoninmu za su ɗauka daga wannan aiki.

Na farko, a tsara shafi bisa buƙatar mai ziyara, ba bisa sassan ofis ba. Abokin ciniki bai damu da sunan sashe ba. Farashi, adireshi da hanyar biyan kuɗi yake nema.

Na biyu, kowane bayani ya zauna a wuri ɗaya tak, kuma a san ma'aikacin da alhakin sabunta shi ya rataya a wuyansa. Farashin da aka rubuta a wuri uku, ranar da ya canza za a gyara biyu a manta da ɗaya, daga nan sai gardama da mai saye.

Na uku, a gwada kafin a buɗe. Birtaniya ta fito da shafin gwaji tun 2011 domin jama'a su nuna kurakuransa. A Najeriya, wajibi ne a yi gwajin a kan wayar hannu, domin da ita akasarin masu saye suke shiga intanet.

Na huɗu, kada a watsar da tsofaffin adireshi. Masu aikin GOV.UK sun sa tsohon adireshi ya riƙa kai mutum sabon wuri kai tsaye.

Saboda haka, kafin a kira ƙwararre a yi cinikin aiki, shugaban kamfani ya rubuta tambayoyi goma da abokan ciniki suka fi yi. Amsoshinsu su ne harsashin sabon shafin.