Darasi Na Sha Biyu: Dokokin Newton A Ofis

Karanta wannan bayani, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

A shekarar 1687 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Isaac Newton, ya bayyana dokoki uku na motsi. Masu barkwanci sun ce dokokin nan suna aiki har a ofis.

Doka ta farko ta ce abin da ke ajiye ba zai motsa ba sai an tura shi. Haka fayil yake. In ka kai takardarka ofis ka koma gida, za ta kwanta a kan tebur har ƙura ta rufe ta.

Doka ta biyu ta ce abu mai nauyi ya fi bukatar ƙarfi kafin ya ƙara sauri. Saboda haka fayil mai kauri sai da masinja biyu da sa hannu biyar.

Doka ta uku ta ce in ka tura bango, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Ka ce wa akawu, "Malam, don Allah a duba takardata." Shi kuma ya ce, "Dawo gobe."

Wannan raha ce, amma ka tuna da tsohon malamin da ke jiran kuɗin fanshonsa, fayil ɗinsa yana kwance. In ka zama ma'aikaci, kada ka zama bango.

Tambayoyi
1. A wace shekara Newton ya bayyana dokokinsa?
2. Me ke sa fayil ya motsa?
3. Yi jimla da kowace kalma: akawu, masinja, ƙura.