Idan Motarka Ta Kwanta a Kalifoniya

Ɗana, na ji giyar motarka ta lalace, bakanike ya yanka maka kuɗin da ba ka da shi yanzu, har ka yanke shawarar ajiye ta sai hali ya samu. Wannan ba laifi ba ne, kuma ya fi ka ci bashi mai ruwa don tayar da ƙarfe. Sai dai a Kalifoniya mota ko ta kwanta idon hukuma na kanta, kuma masu magana a kanta uku ne: jiha, birni, da ƙungiyar unguwarku. Yawancin yaranmu da ke can jiha kaɗai suke sallama, su ɗauka sun gama.

Ta jiha ita ce mai sauƙi. Hukumar rajistar motoci, DMV, tana da tsarin da ake kira PNO. Da shi kake sanar da ita cewa a shekarar rajista mai zuwa motar ba za ta taka titin gwamnati ba: ba tuƙi, ba ja, ba ajiyewa a bakin hanya. Kuɗin kaɗan ne idan aka gwada da na sabunta rajista. Ana karɓa tun saura kwana 60 rajistarka ta ƙare, ana kuma karɓa har kwana 90 bayan ta ƙare, amma da tarar makara. Idan 90 ɗin suka wuce, ƙofa ta rufe, sai cikakken kuɗi da tara, tarar kuma ƙaruwa take yi muddin kana jinkiri. Ranar da za ka kai ta wurin gyara, akwai takardar izinin kwana ɗaya da DMV ke bayarwa. Karɓe ta kafin motar ta motsa.

To, a nan nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau. Takardar PNO ba izinin ajiya ba ce. Alkawari ne ka yi wa jiha cewa motarka ba za ta hau titi ba, jihar kuwa ba ta ce maka ga inda za ka sa ta ba. Idan ka bar ta a bakin titi, ka saɓa alkawarin da kanka. Ko mai lafiya ce da cikakkiyar rajista, birane irin su Los Anjalas suna da ikon sa janwe ya ɗauke motar da ta wuce awa 72 a wuri ɗaya. Daga ranar da ta shiga filin masu janwe kuɗin ajiya ke hawa kullum, idan ka kasa fansa su sayar da ita. Har a harabar gidanka ma, dokar jiha ta ba birane damar ɗaukar matacciyar mota a matsayin abin da ke damun jama'a, su aiko da sanarwar kwana 10, sannan su kwashe. Wadda dokar ta keɓe ita ce wadda ke rufe a cikin gini, ba a hango ta daga waje.

Sai ta ukun, wadda ta fi kusa da kai kuma ta fi saurin gani. Gidan da kake ciki yana ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje, wadda suke ce wa HOA. Ranar da ka karɓi makulli an miƙo maka kundin ƙa'idoji mai kauri, ka sa hannu. Na san da wuya ka karanta shi, don mai murnar sabon gida ba ya karatu. Ɗauko shi yau ka nemi babin motoci. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan sun hana ajiye motar da ba ta tashi, ko wadda tambarin lambarta ya tsufa, a duk inda ido ke gani. Wasu sun hana ko canza baƙin mai a ƙofar gida. Ba sa la'akari da PNO, domin wannan tsakaninka da jiha ne. Ikonsu ba na wasa ba ne, dokar Davis-Stirling ta 1985 ce ta tsara shi. Amma ita dokar ta ba ka haƙƙi kai ma: ba za a ci ka tara ba sai an rubuto maka aƙalla kwana 10 kafin zaman kwamiti, an ba ka dama ka faɗi naka. Idan takardar ta zo kada ka jefa ta a durowa. Je ka zauna da su.

Abin da ya fi ma, ka riga su. Rubuta wa kwamitin ka ce motata ta lalace, ga takardar DMV, ina roƙon wata kaza, zan sa ta a garejin gida. Ka nemi amsar a rubuce, domin manajan da ya ce maka "ba komai" da baki yana iya barin aiki gobe. Sannan ka ƙwanƙwasa wa maƙwabcin da tagarsa ke kallon motar, ka gaya masa halin da ake ciki. Kada ka ɗauki ƙa'idarsu a matsayin ƙiyayya. Mutumin nan ya zuba gumin shekara da shekaru a gidansa, yana tsoron darajarsa ta faɗi, kuma mu da aka yi wa tarbiyya a kan haƙƙin maƙwabci bai kamata a riga mu kiyaye shi ba. Ka sa hannu, alkawari kuwa kaya ne.

Ita kanta motar tana son kulawa. Wanke ta, ka share cikinta, don ɓarɓashin biskit ɗin yara a ƙarƙashin kujera ya isa ya kira ɓera, ɓera kuma wayoyin inji yake ci. Cire kan batir. Ƙara wa tayoyi iska, ka sa katako a bayansu maimakon ka bar birkin hannu a ɗaure wata da watanni har ya maƙale. Shimfiɗa kwali ko faranti a ƙarƙashin inji, domin tabon baƙin mai a siminti shi ne abin da mai zagayen ƙungiya ke fara ɗauka a hoto. Fetur ma yana lalacewa idan ya daɗe. Inshora kuma kada ka soke ta kafin PNO ya tabbata, kuma ka tambayi kamfanin ko za su bar maka ta gobara da sata kaɗai.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi. Sa wa kanka rana. Na sha ganin motar da aka ajiye da niyyar wata biyu ta shekara uku, taya ya zauna, fenti ya ƙone, mai ita yana ta cewa sai an yi albashi. Idan ranar ta zo kuɗin gyara ya fi ƙimar motar, sayar da ita ko ka miƙa wa masu kwance motoci da ke da lasisi, ka kuma sanar da DMV cikin kwana 5 cewa ta bar hannunka, don kada laifin wani ya biyo sunanka.

Yau da daddare duba ranar da rajistarka ke ƙarewa, gobe da safe ka aika wa kwamitin takardar. Allah Ya hore maka abin gyara, Ya kuma haɗa ka da maƙwabtan kirki.